Ranar da Aka Kwashe Baturan Baƙuwa

Da hantsi ina tsakar gida ina ɗaure ƙafar kujerar da ta karye, sai ga maiɗakina ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu.

"Malam, tashi. 'Yan sanda sun tafi da Yaya."

"Wane Yayan?"

"Yaya nawa gare ni? An yashe ɗakin sanyin Baƙuwa, an ce shi ne. Kana bin sawun shanun mutane har dajin da ba ka san sunansa ba, to yau ga na gida. In ba ka dawo mini da shi ba, kai ma ka nemi inda za ka ci abinci."

Shekara talatin ke nan ina bin sawu. Na bi na shanu, na bi na babur, na taɓa bin wata tsohuwa da ta ɓata kwana biyu har na same ta. Amma ɗakin sanyi ban san me ake sata a cikinsa ba.

Baƙuwar nan wata takwas da suka wuce ta zo daga wata ƙasa mai nisa. Ta gina ɗaki a bakin kasuwa mai aiki da hasken rana, inda masu tumatir da tattasai ke ajiye kayansu kada su ruɓe. Sunanta ya ƙi zama a bakin kowa, sai aka bar ta a Baƙuwa. Ba ta jin yarenmu, mu ma ba ma jin nata. Yayan maiɗakina shi ne maigadinta.

* * *

Kafin in isa, rabin kasuwa ta riga ni, kuma kowa da ɓarawonsa. Masu kayan miya sun ce Mai Ƙanƙara ne, don tun da aka buɗe ɗakin cinikinsa ya faɗi. Masu shaguna sun ce maigadi ne, in ba haka ba ta yaya za a kwashi kaya masu nauyi bai ji ba? Wani tela kuma ya rantse Baƙuwar ce ta ɓoye kayanta za ta gudu, wai haka suke yi.

Inna mai tumatir, shugabar matan kasuwa, ta cafke hannun rigata.

"Mai Sawu, kwando arba'in gare mu a ciki. Batura aka kwashe, sanyin ya fara fita. In rana ta faɗi ba a mayar da su ba, gobe sai dai mu zo da ludayi."

Baƙuwa na zaune kan akwatin katako, ta dafe kai. Kusa da ita Manaja ne a tsaye, abokin kasuwancinta, ɗan gari, wanda ya yi mata shige da fice a ofisoshi tun zuwanta. Na daɗe da saninsa, mutum mai fara'a da yawan gaisuwa.

"Gara da ka zo," ya ce. "Kwana biyu ba na gari, yau da sassafe na dawo na tarar da wannan abu. Makullin ɗakin batura biyu ne, ɗaya a wuyanta, ɗaya nawa. Nawa kuma na bar wa maigadi kafin in tafi. Wallahi ni ma ba na so in yarda, amma me zan ce?"

Ɗakin baturan a baya yake, ƙofarsa na kallon wani lungu mai yashi da mutane ba su cika bi ba saboda ƙarar injin niƙa da ke ƙarshensa. Na roƙi Inna ta sa a tare bakin lungun da benci. Sajan ɗin da ya kama Yaya ya biyo ni yana huci.

Batura takwas aka ɗauke, kowanne sai ƙarti biyu sun kama. Kwaɗon ƙofa na nan lafiya lau a kulle. Tagar gefe a fashe, ƙarƙashinta sawun takalmin ruwa manya-manya sun nufi katanga.

"Ka gani?" in ji Sajan. "Ta taga suka shiga, maigadi ya kawar da kai."

Na auna tagar da hannu, taƙi biyu. Na auna shatin da batir ya bari a ƙasa, taƙi uku. Na dubi Sajan, shi kuma ya dubi rufin ɗaki.

Sawun takalman ne suka fi ɗaure mini kai. Dunduniya ta nutse, gaban bai ko taɓa yashi sosai ba. Taku shida suka yi suka tsaya a gindin katanga, ba su hau ba, ba su juyo ba. Ko dai ɓarawon fiffike gare shi, ko dai da hannu aka dangwala su. Daga bakin ƙofa kuma ga sawun amalanke ya miƙe, awaki sun tattake shi, da ɗigon wani abu baƙi-baƙi nan da can.

"Yallaɓai, ta ƙofa aka fitar da kayan, da makulli. Tagar nan don ido aka fasa ta."

Sajan ya washe baki. "Madalla. Makulli kuma yana hannun surukinka. Na gode da ka taya ni aiki."

Na zo in kwance Yaya, ga shi na ƙara masa igiya.

* * *

A caji ofis na same shi zaune kan benci bayan kanta, ba hula, ya yi wani irin tsufa cikin rabin yini.

"Ƙanwata ce ta koro ka?" ya ce.

"Ta ce babu abinci."

"To ka yi sauri, don na san ta, za ta aikata."

"Yaya, ina makullin da Manaja ya bar maka?"

"Wane makulli? Ni sanda aka ba ni da tocila. Tun da na fara aikin nan ban taɓa riƙe makulli ba."

"Ka zagaya baya jiya?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwiwata ta matsa mini. A gaba na zauna har gari ya waye. Wannan kam laifina ne. Ba kamun ne ya dame ni ba. Matar nan kullum sai ta rusuna ta gaishe ni. Yau tana nuna ni tana ihu, Manaja ya ce cewa take a tafi da ni, ni ne ɓarawon."

"Ba ka ji motsi ba ko kaɗan?"

"Shirun ma shi ya yi yawa. Ka san injin sanyin nan yana da ƙugi, kamar zuma a rami. Jiya tun da na zo da magariba ban ji shi ba. Na ɗauka ita ta kashe."

Na miƙe ban ko yi masa sallama ba.

* * *

Na koma lungun na durƙusa kan sawun awakin. Na mahauci ne, kullum ta nan suke komawa gida kafin magariba, su fito da safe. Kofato kuwa yana da gaba da baya kamar ƙafar mutum. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har na tabbata waɗanda ke fuskantar gida ma a kan sawun amalanken suke. Ke nan amalanke ya riga awaki wucewa. Da rana tsaka aka yi satar, Yaya bai ko baro gida ba.

Na nuna wa Sajan. Ya ce shi bai taɓa jin an kai akuya kotu ta ba da shaida ba, in kawo masa mutum.

Mutum kuwa akwai. A bakin ƙofar, a kan sawun amalanke, ƙarƙashin na awaki, ga sawun mai jan ƙafar hagu, silifarsa ta cinye ta gefe guda. Duk kasuwar nan mutum ɗaya ke tafiya haka.

Na tarar da Mai Ƙanƙara a shagonsa yana share ruwa da tsintsiya, ruwan har idon sawu.

"Me ya kai ka bayan ɗakin sanyi jiya?"

"Ni? Wa ya ce?"

"Ƙafarka ta hagu."

Ya dubi ƙafar kamar zai mare ta. Ya jingine tsintsiya ya turo ƙofa.

"Don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Janaretona kwana uku ke nan da mutuwa, ka ga ƙanƙarata tana bin kwata. Zuwa na yi in roƙe ta ta ajiye mini ragowar."

"Ta ƙofar baya?"

"Ni da na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce sai na ga bayanta, in bi ta gaba mutane su gan ni ina roƙo? Wajen ƙarfe huɗu na je. Na ƙwanƙwasa, shiru. Sai na ga gilashi a fashe. Na ce in aka same ni a nan na shiga uku, na ja ƙafata na gudu."

Na yarda da shi, don sawunsa na tafiya ya fi na zuwa faɗin taku, kuma babu nauyin kaya a kansa. Na fito da abu ɗaya, kafin ƙarfe huɗu an gama komai. Amma wanda kasuwa ta fi zargi ya fita, kuma ba ni da wani a hannu.

* * *

Baƙuwa na cikin ɗan ofishinta tare da Tafinta, wata malamar makaranta da ta bar koyarwa ta kama mata aiki wata uku da suka wuce. Tebur cike da takardu masu hatimi kala-kala.

"Malama, tambaye ta ina take jiya da rana."

Tafinta ba ta ma tsaya tambaya ba. "Muna ofishin lasisi. Shekaranjiya aka turo wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa, wai ta zo jiya ƙarfe ɗaya da rabi ko a rufe wurin. Ta ɗauki hoton wasiƙar ta tura wa Manaja, ya ce lallai ta je. Da azahar ta kulle ko'ina muka tafi. Muka zauna har aka tashi aiki, ba wanda ya san da zancen. Mai teburin farko ya tura mu sama, na sama ya ce a koma ƙasa, na ƙasa ya ce hatimin ma ba nasu ba ne."

"Ba ta yi mamaki ba?"

"Mamakin me, Baba? Lasisi uku gare ta, kowane ofis ya ce na ɗayan ba ya aiki. Injinta ya yi wata huɗu a tashar jiragen ruwa kafin a sake shi. Filin nan ma mutum biyu suka zo, kowa da takardarsa. In aka ce ta zo, zuwa take yi, ta daina tambayar dalili."

Baƙuwa ta yi wata doguwar magana, tana nuna ƙofa tana nuna takardun.

"Ta ce a ƙasarsu ta san yadda maƙaryaci ke magana. A nan kowa murmushi yake mata, kowa ya ce babu damuwa, ba ta san wane murmushin ne na gaske ba."

"Kuna tare duk tsawon zaman ofishin?"

Tafinta ta ɗauke kai. Baƙuwa ta lura, ta tambaye ta me na ce. Da ta ji, sai ta nuna agogonta, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna Tafinta, ta nuna waje.

Wato Tafinta ta fita na awa guda. Daga ofishin lasisi zuwa nan a babur ba nisa.

"Malama, awa guda ina kika je?"

Idonta ya kawo ruwa. "Ce mata na yi zan yi hoton takardu. Wata makaranta na je neman aiki. Ina ganin yadda abubuwa ke tafiya, na ji tsoro kada wurin ya rufe in rasa abin ciyar da 'ya'yana. Ga takardar da suka ba ni, da lokaci a jiki." Ta miƙo mini, duk da ban iya karatu ba. "Don Allah kada ka sa in fassara mata wannan."

"Ke za ki faɗa mata da bakinki, amma ba yanzu ba."

Na fito kaina ya yi nauyi. Makulli ɗaya na wuyan Baƙuwa bai bar jikinta ba. Ɗaya an ce yana hannun Yaya, Yaya ya ce bai taɓa ganinsa ba. Mai makullin kuma ba ya gari. Har na fara tunanin ko telan nan ne mai gaskiya.

* * *

Da bakin mutane ya ƙare mini, sai na koma ƙasa. Na dangwali ɗaya daga cikin ɗigon nan baƙaƙe, ya taɓa wata 'yar tsaga a yatsana, na ji kamar an soka mini allura. Ruwan batir ne. Ɗaya daga cikin baturan ya tsage ko ya karkace, yana ɗiga duk bayan taku goma sha biyu.

Na bi shi har bakin kwalta. A kan kwalta ɗigon ya koma fari-fari kamar kashin tsuntsu, sai ka sunkuya sosai kake ganinsa. Masu babur na ta yi mini hon, wani ya ce tsoho ya yar da hankalinsa yana nema. A mahaɗar hanya huɗu na rasa shi gaba ɗaya. Na kama wani ɗigo na bi da murna, ya kai ni garejin bakanike, ashe baƙin mai ne. Na dawo, na zagaya, na sake dawowa. Rana ta karkata, ina tuna tumatir ɗin Inna, ina tuna Yaya kan benci, har na zauna bakin kwata ban san gabas ba balle yamma.

Daga zaunen nan ne idona ya sauka kan wani tsinken buhu a gefen hanyar da ban bi ba, ya cinye kamar ɓera ya gaigaye shi. Taku goma sha biyu gaba, ga farin ɗigo.

Ya kai ni wani layin shaguna da ake ajiyar kaya, ya tsaya a na bakwai, mai sabon kwaɗo. A bakin ƙofar ruwan ya zuba da yawa, wurin sauke kaya. Gefe kaɗan kuma ƙasa ta yi ɓawo, alamar an kwarara ruwa mai yawa ya bushe. A tsakiyar ɓawon ga sawun ƙafa ɗaya, ta hagu, ba takalmi, ta nutse sosai, ta ɗan yi tsalle-tsalle a wuri guda. Ta dama babu ita.

Na daɗe ina kallo kafin in gane. Mutum ne ya tsaya kan ƙafa ɗaya yana wanke ɗayar da gaggawa.

* * *

Da la'asar na sa Sajan ya kawo Yaya, aka taru a rumfar gaban ɗakin sanyi. Ga Baƙuwa da Tafinta, ga Manaja, ga Mai Ƙanƙara yana raɓe-raɓe, ga Inna da matanta sun yi da'ira, sauran kasuwa na leƙe ta kafaɗunsu.

"Roƙo ɗaya gare ni," na ce. "Kowa ya cire takalminsa."

"Har da ni?" in ji Inna.

"Har da ke, Inna."

"Ƙafar da mijina ma ya daina kallo." Ta tuɓe, mata suka kwashe da dariya.

Baƙuwa ta ga ana cirewa, ita ma ta cire ba ta san dalili ba. Tafinta ta cire, Mai Ƙanƙara ya cire, Yaya dama ƙafarsa a waje take. Na bi su ina dubawa, ba komai sai kaushi. Manaja kaɗai ya rage, da takalmi sau-ciki da safa a wannan zafin.

"Wannan wane irin wasan yara ne?" ya ce. "Kaya na ruɓewa, kai kana duba ƙafafu?"

"Cire mana, Manaja," in ji Sajan. "Ni ma ina so in ga ƙarshen abin."

Ya cire na hagu da sauri. Na dama ya daɗe yana ja. Da safar ta fita, ga filasta ya rufe bayan ƙafar, gefensa ja wur ya tashi.

"Ruwan zafi ne, a masaukin da na kwana."

"Yallaɓai," na ce wa Sajan, "baturan suna layin shagunan ajiya, shago na bakwai. Ɗaya ya tsage, ya zubar wa wani mutum ruwansa a ƙafar dama lokacin saukewa. Ban san mai shagon ba."

"Na bakwai?" Mai Ƙanƙara ya matso. "Mai ƙofa shuɗiya? Ai makon jiya na ga Manaja yana sa masa sabon kwaɗo."

Na zaci Manaja zai musa, ko ya ruga. Ko ɗaya bai yi ba. Ya mayar da safarsa a hankali, ya buɗe jaka, ya zaro wata takarda ya miƙa wa Sajan.

"Karanta, Yallaɓai. Sunan wa ke kan kamfanin? Sunan wa ke kan injin da baturan? Da ta zo na ce mata baƙo ba ya buɗe irin wannan sana'a sai da ɗan ƙasa, ta ce a sa sunana, ta sa hannu. Mutum yana satar kayansa ne? Canja musu wuri na yi."

Sajan ya karanta, ya juya takardar, ya sake karantawa, ya cire hula ya sosa kai. Na kamo ɓarawo, takarda ta ce mai kaya ne.

Tafinta ta karɓi takardar tana fassarawa layi-layi. Baƙuwa na saurare, fuskarta na canjawa. Ta yi magana a hankali.

"Ta ce ya gaya mata rabi da rabi ne. Lokacin ba ta da tafinta, shi ne ya karanta mata."

Sai Yaya ya yi gyaran murya. "Malama, tambayar mini ita. Da safe da ake tafiya da ni, me take cewa?"

Tafinta ta tambaya. Baƙuwa ta zaro ido, ta miƙe tsaye, ta yi magana da ƙarfi tana nuna Yaya kamar yadda ta yi da safe.

"Ta ce cewa take a sake shi, tsoho ne, ba shi ba ne. Manaja ya ce mata tambayoyi kawai za a yi maka ka dawo."

Yaya ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Wurin ya kaure da hayaniya, Inna ta cire ɗankwali ta ɗaure ƙugu, sai da Sajan ya daka tsawa.

"Maganar kamfani ta alƙali ce, ba tawa ba," ya ce wa Manaja. "Amma ka kawo mini rahoton ƙarya, ka sa na kulle bawan Allah. Wannan tawa ce. Kawo makullin shagon."

A shagon aka sami baturan takwas, da takalman ruwa, da hatimin da aka buga wa wasiƙar ofishin lasisi. Daga baya ƙartin da Manaja ya ɗauko daga wata unguwa suka ce ya gaya musu gyara za a kai. Nufinsa Baƙuwa ta karaya ta koma ƙasarsu, wurin ya zama nasa shi kaɗai.

Matan kasuwa ba su jira kowa ba. Su suka turo amalanke biyu har ƙofa, Mai Ƙanƙara na gaba yana korar masu babur. Kafin magariba mai gyara ya haɗa bakwai, na takwas ya riga ya mutu. Kwando goma sha ɗaya aka zubar, sauran suka tsira.

* * *

An ba da belin Manaja bayan kwana tara. Shari'ar kamfani kuwa har yau ana ɗagawa. Alƙali ya ce kada a taɓa komai a ɗakin, a ci gaba da aiki har a yanke hukunci, don haka Baƙuwa na buɗewa kullum ba ta san ko wurin nata ne ba. Yaya ya koma gadi. Tafinta ta faɗa wa Baƙuwa gaskiya, ta kuma zauna a aikinta.

Wata biyu bayan haka Baƙuwa ta aiko a kira ni. Na same ta da Tafinta da lauyanta, da tulin takardu a gaba. Ta turo mini su tana magana.

"Ta ce tunda ka gano batura, ka duba nan ka gano mata inda aka fara cutar ta."

"Malama, gaya mata ni ƙasa nake karantawa. Wannan ko a juye kika ba ni ba zan sani ba."

Tafinta ta fassara. Lauya ya yi dariya, Baƙuwa ma ta ɗan murmusa. Sai ta jawo takardar farko, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ɗora yatsa kan wani rubutu mai lanƙwasa a ƙasan shafin. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta yi magana.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce ka bar shi, Baba, ta riga ta ga sawun. Hannunta ne."

Lauya ya turo mata wata sabuwar takarda da biro. Ta ture biron gefe, ta aika a kira Inna ta zo ta saurara, ta ce Tafinta ta fara karantawa daga layin farko.